Tambayoyi da Amsoshi Kan Miyar Gida: Kuka, Kuɓewa, Taushe da Farfesu

Waɗannan su ne tambayoyin da amare, 'yan makaranta da gwauraye suka fi yi game da miya. In aka bi diddiginsu, yawanci wuri ɗaya suke komawa, wato gaggawa. Kayan miya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Abin da ke bambanta tukunya da tukunya shi ne me aka fara sawa, me aka bari sai ƙarshe, da tsawon lokacin da aka ba ruwan miya ya dahu.

Me ya sa miyar kukata ba ta kai ta tsofaffi daɗi, alhali duk abin da suke sawa ina sawa, har da ƙari?

Saboda ke kuka kike dafawa, su kuwa ruwan miya suke dafawa. Garin kuka ba ya buƙatar fiye da minti 5 zuwa 10 a kan wuta. Daɗin yana cikin abin da ya faru kafin a kaɗa ta.

Ga yadda ake yi wa mutum shida. Ki samu nama rabin kilo, mai ƙashi da ɗan kitse, in da hali har da ƙashin ɓargo. Ki wanke, ki ɗora da albasa guda, ɗan gishiri, citta da tafarnuwa, ki bar shi ya fara fitar da ruwan jikinsa kafin ki ƙara ruwa. A turmi ki daka daddawa biyu ko uku da masoro, kanumfari kaɗan, busasshiyar citta da barkono, har su zama gari. Ki jajjaga tattasai biyu, attaruhu biyu ko uku da wata albasar. Ki zuba duka a kan naman, ki tsai da ruwa kamar lita ɗaya da rabi, ki sa manja ludayi guda, ki rufe.

Daga nan sai haƙuri. Awa guda ba ta yi yawa ba. Za ki gane ya yi idan warin daddawa ya juye ya zama ƙamshi, ruwan ya ragu ya yi duhu, mai ya taso sama, nama kuma ya fara sakin ƙashi. Ki ɗiba a ludayi ki ɗanɗana. Idan ruwan nan bai yi daɗin da za ki iya shan sa haka nan ba, kuka ba za ta gyara shi ba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa, balle ƙashin saniya.

Wasu gidajen sukan sa wake. A surfa shi a cire bawo, a daka ko a barza, a zuba tun farko ya dahu ya narke. Yana ƙara wa miya jiki da garɗi, amma in bai dahu ba gafinsa zai ɓata komai.

Kullum sai kukata ta yi gudaji. Ina matsalar take?

Ɗaya daga cikin uku ne: ba ki tankaɗe ba, ko wutar ta yi yawa, ko kin zuba da yawa a lokaci guda. Ki tankaɗe garin da rariya mai laushi ko da an ce miki tankaɗaɗɗe ne. Ki tsame nama da kifi ki ajiye gefe, don maburgi ya samu wurin juyawa. Ki rage wuta sosai har tafasar ta lafa. Sai ki riƙa barbaɗa kukar da hannu ɗaya, kaɗan-kaɗan, ɗaya hannun yana kaɗawa ba tsayawa. Cokali 4 zuwa 6 na cin abinci sukan ishi lita guda, gwargwadon kaurin da mutanen gidanki suke so.

Ki dakata tun tana da ɗan ruwa-ruwa, domin kuka tana ƙara kauri bayan an sauke. Wadda ta yi daidai a kan wuta, kafin a gama kwashe tuwo ta daskare. Idan gudajin ya riga ya faru, ki burge ta da ƙarfi, in ya ƙi ki tace ta a rariya ki mayar. Ba abin kunya ba ne.

Yaya zan gane kuka mai kyau a kasuwa?

Ki duba launi, ki shinshina. Mai kyau kore ce shar, tana da ƙamshin ganye. Wadda ta yi fari-fari ko ruwan ƙasa, ko dai a rana aka shanya ganyen, ko ta kwana biyu, ko an daka ta da itatuwanta. Ki murza kaɗan tsakanin yatsu, in kin ji tsakuwa ki bar musu abarsu. Ganyen da aka shanya a inuwa ya fi riƙe launi da yauƙi. A gida ki zuba ta a abu mai murfi, nesa da rana da laima.

Maigida ba ya son warin daddawa. In bar ta in riƙa sa magi kawai?

Kafin ki bar ta, ki gwada dafa ta yadda ya kamata. Yawancin masu cewa ba sa son daddawa, ɗanya aka saba ba su, wadda aka jefa miya minti goma kafin a sauke. Daddawa kalwa ce, 'ya'yan ɗorawa, da aka dafa aka cire bawo aka rufe ta kwana biyu zuwa uku ta ruɓa. Wannan ruɓewar ce ke kawo warin, ita ce kuma ke kawo ɗanɗanon. Dogon dahuwa yana kore warin ya bar daɗin. Ki daka ta da albasa da citta, ki sa ta tun farko, ko ki ɗan soya ta a mai kafin ki tsai da ruwa.

Akwai kuma daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Ta fi ta kalwa ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka ba da ita za a fara wa mai ƙyanƙyami ba.

Magi ba laifi ba ne, amma mafi yawan abin da ke cikin dunƙulen gishiri ne. Mace ta jefa shida ko takwas a tukunya ɗaya, ta ƙara gishiri, ta ƙara farin magi, sai duk miyar gidan ta koma ɗanɗano ɗaya, kuka da taushe ba bambanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi guda, kuma da na cikin magi ake lissafin. In daddawa ta dahu da ƙashi, dunƙule biyu sun wadatar.

Me ke sa miyar kuɓewa ta tsinke, yauƙin ya gudu?

Tsami da doguwar tafasa. Tumatir mai yawa yana yanke yauƙi, haka lemon tsami, haka barin ta tana tafarfasa bayan ta nuna. Don haka ruwan miyar kuɓewa ba ya son tumatir, tattasai da attaruhu sun isa.

Ki zaɓi ƙanana masu taushi, waɗanda in kin karya bakinsu za su ɓalle ƙas. Ki goga rabi a magogi, rabi ki yanka ƙanana, sai ki samu yauƙi ki kuma samu abin taunawa. Wasu sukan daka ta a turmi, wannan ya fi kowanne yauƙi. Ki zuba ta a ruwan miyar da ya riga ya dahu, da ɗigon ruwan kanwa, ki bar tukunyar a buɗe. In kika rufe za ta yi kumfa ta malale a murhu, launin ma ya dushe. Minti 7 zuwa 10 ki sauke.

Busasshiyar kuɓewa kuwa hukuncinta ɗaya da kuka: a tankaɗe, a rage wuta, a kaɗa. Karkashi da ayoyo ma 'yan gida ɗaya ne da kuɓewa a wannan fanni, ba sa son tsami, ba sa son murfi. Mutanen Borno da Yobe sun iya karkashi da busasshen kifi, Hausawan zango a Ghana kuma ayoyo suka fi ci da tuwon zafi.

Gaskiya ne kanwa tana da illa?

Yawanta yana da illa. Kanwa, wadda ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, danginta ɗaya da gishiri, domin sinadarin da ke sa gishiri ya tayar da hawan jini yana cikinta. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, mai ciki da mai jego, su yi taka-tsantsan da ita.

A miya, abin da ake buƙata ɗan kaɗan ne, kamar ƙwayar wake. Kada ki jefa ta haka nan. Ki jiƙa ta a ɗan ruwa, yashin ya kwanta, ki tsiyaye na sama. In ta yi yawa miya takan yi santsin sabulu da ɗaci-ɗaci, ganye ya lagwaɓe, wani amfanin ganyen ma ya lalace. Miyar kuka ba ta buƙatar ta ko kaɗan, sai dai in don wake ya yi saurin nuna.

Ina son in koyi miyar taushe irin ta gidan suna.

Taushe ita ce miyar da ba a yi mata rowa. Ki nemi kabewa wadda ta ƙosa, mai jan ciki, mai nauyi a hannu. Ki fere, ki yanka manya-manya, ki dafa ta tare da nama mai ƙashi. Tantaƙwashi ko ƙashin baya sun fi tsoka zalla dacewa. Idan kabewar ta yi laushi ki tsame ta, ki dame da bayan ludayi ko ki daka, ki ajiye.

A wata tukunyar ki soya albasa da manja, ko ki haɗa shi da man gyaɗa, ki zuba markaɗen tattasai, attaruhu da tumatir kaɗan, ki soya har ruwan ya ƙone mai ya fito. Ki juye romon da naman, ki sa daddawa da kayan ƙamshi, ki mayar da kabewar. Sai gyaɗa: kofi guda, a ɗan soya sama-sama, a murje bawo, a niƙa. Ki dama ta da ruwan ɗumi kafin ki zuba, in ba haka ba za ta dunƙule. Ki tsince gyaɗar da kyau tukuna, duk wadda ta yi baƙi, ta motse ko ta yi hunhuna ki zubar, gubar da ke cikinta tana cutar da hanta kuma dahuwa ba ta kashe ta.

Daga lokacin da gyaɗa ta shiga, ba a barin tukunya. Tana son kamu a ƙasa. Ki rage wuta, ki riƙa juyawa, minti 15 zuwa 20, har gafin ya fita ki ga mai ya taso. Ganye shi ne na ƙarshe: alayyahu, yakuwa tafin hannu guda, da lawashi. Minti biyar ya ishe su. Yakuwar nan kada a raina ta, ita ke karya zaƙin kabewa da nauyin gyaɗa. Taushen da ba ɗan tsami a ciki, loma biyar ta gundure ka. Da masa, da sinasir, da funkaso, da tuwon shinkafa, duk tana tafiya.

Yakuwa ta yi mini tsami da yawa, zogale kuma ɗaci.

Ki tafasa yakuwar daban ki zubar da ruwan farko, ko ki ƙara gyaɗa. Zogale ma a zage shi, a tsince itatuwan, a tafasa shi shi kaɗai har ya yi laushi, a tace, sannan ya shiga miya. Busasshen zogale ya fi ɗanye buƙatar lokaci.

Kuɗin cefane bai kai na nama ba. Miya za ta yi daɗi kuwa?

Za ta yi. An ce tuwon girma miyarsa nama, amma ba kullum ake tuwon girma ba, kuma gidajen da suka fi iya kuka ba su ne suka fi sayen nama ba. Ki je wurin mahauci ki ce ya ba ki ƙashi, ya sassara miki. Kuɗinsa bai kai na tsoka ba, romonsa kuma ya fi. Ko ki sayi busasshen kifi, irin bandar da ake kawowa daga Baga ko Yawuri. Ki jiƙa shi a ruwan zafi da gishiri, ki ɓare, ki cire ƙaya da kayan ciki, ki wanke sau biyu, don akwai yashi, wani lokaci har da ƙwari. In kin ji yana warin maganin ƙwari kada ki saya komai arharsa. Hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya, ta sha yin gargaɗi kan masu zuba irin wannan magani a kayan abinci don kada su lalace.

In babu ko ɗaya, wake da daddawa da albasa mai yawa sun isa su riƙe miya. Sai a ƙarasa da man shanu: a narka shi da yankakkiyar albasa har ta yi ja, a zuba cokali guda a kan miyar a kwano, a barbaɗa yaji. Wanda aka ba wannan ba zai tsaya laluben nama ba.

Idan tumatir ya yi tsada fa?

Kowace shekara haka yake, daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina, lokacin da na noman rani daga wurare irin su Kadawa ya ƙare. A 2016 ma tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna har kwando ya gagari mutane. Abin lura shi ne yawancin miyar gargajiya ba su dogara da tumatir ba. Kuka, kuɓewa, karkashi, duk ba ruwansu da shi. Miyar dage-dage ce ke wahala. Don ita, ki jiƙa busasshen tumatir da busasshen tattasai a ruwan zafi, ki wanke yashin sosai, ki markaɗa da albasa mai yawa. Ɗan yankin kabewa ko karas a cikin markaɗen yana ƙara auki yana kuma gyara launi. Mai dabara tun lokacin arha take shanya nata.

Wace miya ta dace da mai mura ko wanda ya tashi daga ciwo?

Farfesu, mai ruwa-ruwa, ba mai maiƙo ba. Kazar Hausa ta fi ta gidan gona ba da romo, sai dai tana cin wuta, ki ba ta awa ɗaya da rabi ko fiye. Ki ɗora ta da albasa, ɗanyar citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari biyu ko uku, da kimba guda da aka fasa. Kimba in ta yi yawa tana ɗaci. Attaruhu daidai yadda mai sha zai iya. Kada ki soya komai, kada ki sa mai, kitsen kazar ya isa. In kifi ne, ki fara dafa ruwan da kayan ƙamshi, sannan ki jera kifin a hankali, minti 10 zuwa 15, kuma ba a juya shi da ludayi, tukunyar ake girgizawa. Wanke tarwaɗa da ruwan zafi ko lemon tsami yana cire yauƙi da ƙarni.

Romo mai zafi yana buɗe hanci, yana sa gumi, yana mayar wa jiki ruwa, yana kuma dawo da sha'awar abinci. Amma ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro. In jiki ya yi zafi, musamman yaro ko mai ciki, a je a yi gwaji, farfesun ya biyo baya. Mai gyambon ciki kuma a rage masa yaji.

Gishiri ya zarce, ko miya ta kama. Akwai gyara?

Na gishiri, gyaran gaskiya ɗaya ne: a ƙara yawan miyar. Ruwa, kabewa, gyaɗa, ganye, duk abin da ba gishiri a cikinsa. Jefa dankali da ake cewa yana tsotse gishiri, ruwan miyar yake tsotsa gaba ɗaya, abin da ya rage yana nan da gishirinsa. Rigakafin shi ne ki sa kaɗan da farko, ki daidaita a ƙarshe, don ruwa yana ƙonewa gishiri ba ya ƙonewa.

In ta kama, da zarar kin ji ƙauri ki sauke, ki juye a wata tukunya ba tare da kin kankare ƙasan ba. Juyawa da ludayi a wannan lokacin shi ke raba ƙaurin ko'ina.

Ba mu da tsayayyar wutar lantarki. Yaya zan ajiye miya ta kwana?

Ki tafasa ta sosai da dare, ki rufe, kada kowa ya sake sa cokali ko hannu a ciki, da asuba ki sake tafasawa, ba ɗumamawa sama-sama ba. Wannan dabara ce ta kwana ɗaya, ba ta kwana uku ba. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, miyar gyaɗa da ta wake ba sa kai yamma in an yi su da safe aka bar su. Wadda ta yi kumfa, ta canja wari ko ta yi tsamin da ba nata ba, a zubar, tafasawa ba ta mayar da ita lafiyayya.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ki raba ruwan miyar kafin ki kaɗa. Ki kaɗa na yau, ki ajiye sauran, gobe ki tafasa ki kaɗa sabuwa, ko ma ki mai da shi kuɓewa. In akwai firji mai aiki, ki sa ta cikin awa biyu da saukewa, a ƙananan robobi, ta yi kwana 3 zuwa 4. In ta daskare ta fi haka daɗewa, amma wadda ta narke don an ɗauke wuta yini guda, a dafa ta a cinye, kada a mayar.

Dole sai a kan itace miya ke daɗi?

A'a. Hayaƙi yana ba da ɗan ƙamshi, gaskiya ne, tukunyar ƙasa kuma tana riƙe zafi daidai. Amma babban sirrin murhu shi ne garwashi yana dafa abu a hankali, mai girki kuma ba ta jin tana ƙona kuɗi. A kan gas mutum yana kallon tukunya yana lissafin kilo, sai ya sauke da wuri. Ki sami tukunya mai kaurin gindi, ki rage wuta bayan tafasar farko, ki rufe. Ƙaramar wuta ba ta shan gas kamar yadda ake tsoro.

Ina karatu a ƙasar waje, kewar miyar gida ta dame ni. Me zan yi?

Duk mai zuwa daga gida ka roƙe shi kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji, a ɗaure su da kyau, daddawar a leda biyu ko uku saboda kayan mutane. Ka bincika dokar ƙasar tukuna, da yawa ba sa barin a shiga da nama ko kilishi. Sauran duk akwai madadinsu. Kuɓewa tana nan a shagunan Indiyawa da Larabawa, ɗanya ko daskararriya. Ayoyo shi ne mulukiyar da Misirawa da Sudanawa ke ci, ana sayar da shi a daskare. Niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba tana yin taushe, in dai ka duba ba sukari a ciki, kabewar can mai dogon wuya kuma ta yi daidai. In ba maburgi, abin kaɗa ƙwai yana yin aikin. Tuwon kuwa, shinkafa mai danƙo ka dafa ta da ruwa mai yawa har ta yi luguf, ka tuƙa da muciya ko cokalin katako. Ka buɗe taga kafin ka sa daddawa, saboda maƙwabta.